Rumfar Sahun Gaba

Shekara huɗu ke nan Ottavia da Alfio suna son juna, kuma ko sau ɗaya Sinyora Clelia, mahaifiyarta, ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ta kama dole sai ta ce "likitan shanun nan." Laifinsa ɗaya ne, ba kuwa mai gyaruwa ba: a Sisili aka haife shi, tsibirin can kudancin Italiya. Da ɓarawo ne haifaffen Parma, garinsu na arewa, da tuni an san yadda aka lallaɓa maganar.

Ottavia ta yi kuka, ta yi fushi, ta yi yajin magana, har ƙara ta kai wurin limamin cocinsu. Yanzu duk ta daina. Ta haura talatin, kullum tana tsaye a kantin maganin da mahaifinta ya bari, abin da ya rage mata kawai gajiya.

Ranar Lahadi bayan Ista ta je cin abincin rana gidan mahaifiyarta, ta tarar da faranti uku a tebur. Ba ta tambaya ba. Tun daga matakala ƙamshin turaren Gherardo ya ba ta amsa.

Gherardo ɗan masu kamfanin tumatirin gwangwani ne, tare suka taso, gashin kansa har ya fara zubewa yana jiranta. Ya miƙe ya sumbaci kumatunta biyu, ya koma ya zauna kamar wanda aka kawo asibiti.

"Duilio ya bugo waya," in ji Sinyora Clelia tana zuba taliya. "Wai bana ma kamar bara? Na ce ya dakata tukuna."

Ottavia ta ɗago kai. Ba a taɓa ce wa Duilio ya dakata ba.

Shi ne mai rumfunan bakin teku a garin Forte dei Marmi, inda watan Agusta yake samun gidansu, gidan Bertinelli, tun zamanin kakanta. Rumfarsu tana sahun gaba, daf da ruwa, da sunan gidan a jikin katako. Ta kusa da ita ta su Gherardo ce. Ba a sayen rumfa a mallake ta, kowace shekara ake jaddadawa, wanda kuwa ya saki tasa sau ɗaya ya sake ta har abada, don akwai gidajen da suka yi furfura suna jiran gurbi.

"Me ake jira, Mamma?"

"Ke ake jira. Na yanke shawara bana za a shimfiɗa tawul a kujerar babanki. Ta isa haka zaman banza. Gherardo zai riƙa zama a kai."

Cokalin Ottavia ya tsaya a iska.

Tun rasuwar mahaifinta ba wanda ya zauna a kujerar nan. Kuma ko yaron goye a Forte ya san ma'anar namiji ya bar rumfar gidansu ya ci abincin bikin tsakiyar Agusta a ta wasu, a kujerar maigida. Kafin rana ta faɗi matan sahun gaba sun gama zaɓen rigar da za su sa ranar ɗaurin aure.

"Mamma, kin san Alfio ya gayyace ni garinsu Taormina bana. Na gaya miki tun Kirsimeti."

"Gherardo, ƙara cuku. Ka rame."

"Da ke nake magana, Mamma."

"Na ji ki. Taormina!" Ta taɓe baki. "Gari a kan dutse, kafin mutum ya ga ruwa sai ya shiga motar igiya ya rataya kamar wanki. In an sauka kuma tsakuwa ce ba yashi ba. Baƙi sun cika ko'ina da gajeren wando. Wannan ne hutu?"

"An ce akwai kyau, Sinyora," in ji Gherardo a hankali. "Ana hango dutsen nan mai aman wuta."

"Kai kuma wa ya tambaye ka? Ci abincinka."

Ya ci abincinsa.

Da Ottavia za ta tafi ya biyo ta matakala, ya tsaya riƙe da jakarta da ta manta.

"Otta, kada ki ga laifina. Ba ni na roƙi kujerar ba."

"Amma ba ka ce a'a ba."

"Wa ya taɓa ce wa mamarki a'a ya kwana lafiya?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na san ba ni kike so ba, ba yaro ne ni ba. Amma dubi yadda kika koma. Ni ma na gaji, tawa uwar kullum sai ta tambaye ni. Mu yi auren nan mu huta. Ba zan dame ki ba, kin san halina. Za ki yi karatun littafinki, in yi barcina, ruwa yana gabanmu."

Abin da ya ba ta tsoro shi ne maganar ba ta yi mata ɗaci ba. Ta ji daɗinta kamar yadda mai zazzaɓi yake jin daɗin ganin gado.

Ta karɓi jakarta ta sauka.

*

Washegari da yamma Alfio ya zo ɗaukarta bayan ta rufe kanti. Daga garken wani manomi yake, takalmansa na roba suna bayan mota, warin shanu bai gama barin rigarsa ba. Da can warin nan dariya yake ba ta. Yau gilashi ta sauke.

Suka tsaya a bakin gada suka zauna kan benci, ya saya mata ƙanƙara mai lemun tsami.

"Mamata ta sa an yi wa ɗakin sama fenti," ya ce da fara'a. "Wanda tagarsa ke kallon teku. Ta kori ƙanwata daga ciki, yanzu ba sa magana. Ta gaya wa gwaggwannina duka, har ta Katania, cewa ranar bikin za a kafa dogon tebur a farfajiya su ga amaryarsu. Kin san me ta tambaye ni? Wai kina cin gauta, ko ku mutanen arewa man shanu kawai kuka sani?"

Ottavia ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa komai, wayar Duilio, da kujerar, har da maganar matakala, don ba ta iya ɓoye masa abu ba.

Ya daɗe yana kallon kogin, wanda ruwansa bai kai idon sawu ba.

"To me kika ce?"

"Ban ce komai ba. Alfio, saurara. Na yi tunani jiya. Me zai hana a raba? In yi rabin farko na watan a Forte, in ci abincin bikin da Mamma don kada ta zauna ita kaɗai, washegari da sassafe in hau jirgi in zo muku. Sauran watan duka naku ne."

"Washegari."

"Kwana ɗaya ne fa kawai."

"Ai ranar ɗaya ce, Ottavia. Ba a yin ta sau biyu. Wanda kika zauna kusa da shi ranar nan shi ne mijinki, ke ma kin sani, uwarki ta sani, har mai tumatir ya sani. In zaunar da dangina su zuba wa kujerarki ido, washegari ki iso da jaka ki ci sauran abinci?"

"To ka zo Forte kai ma. Zan yi magana da ita."

Nan ya juyo ya dube ta sosai.

"Kamar bara?"

Ta sunkuyar da kai. Bara ta roƙi mahaifiyarta har da durƙuso, aka ce to ya zo, Ottavia ta yi ta murna tana ganin an sauko. Da suka isa sai ga shi an kama masa lema ta mutum ɗaya can sahun ƙarshe, gefen famfon da yara ke wanke ƙafa. Sinyora Clelia ta ce ai rumfa ta cika. Kujerar marigayi kuwa tana nan a naɗe kowa yana gani.

"Mako guda na yi ina kallon ƙeyarki," in ji shi. "Yara suna fantsama mini ruwa. Wata tsohuwa mai zoben zinare ta miƙo mini kuɗi in kawo mata kofi, ta zaci ma'aikacin wurin ne ni. Na je na kawo mata kuwa, don ban ga amfanin bayani ba. Ban taɓa gaya miki ba."

Hawaye suka zubo mata.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da kin yi me? Da kin yi kuka kamar yanzu, sannan ki ce in ƙara haƙuri."

"Uwata ce, Alfio! Ba ta da kowa sai ni. Ba ka san mece ce rumfar nan a wurinta ba. A nan babana ya fara ganinta. A nan na koyi tafiya. Shekarar da ya rasu, a nan kaɗai take iya cin abinci."

"Na sani. Ni ma ai ba daga rami na fito ba, ina da uwa. Duk Agusta sai in ce mata bana Ottavia ba ta samu sarari ba. Ta fara tambayata ko dai ƙirƙiro ki na yi." Ya shafa fuskarsa da tafin hannu. "Ba faɗa nake yi da ke ba, ƙarfin faɗan ma babu. Babana ya tsufa, yana son in dawo gida, shanu kuma a can ma suna ciwo. Abin da ya riƙe ni a garin nan mai hazo ke ce. In kin zo ranar bikin, in dawo da ke Parma mu sa rana, ko uwarki ta zo ko kada ta zo. In ba ki zo ba, zan zauna can. Ba barazana ba ce. Na gaji ne kawai."

"Kowa ya gaji," ta ce cikin kuka. "Kai ka gaji, Gherardo ya gaji. Ni kuma da ƙarfe aka yi ni? Mutane suna zaɓen wurin hutu suna dariya, suna duba inda kifi ya fi daɗi. Ni ko barci na daina yi."

Ya jawo ta jikinsa, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, ƙanƙarar ta narke ta ɓata mata siket.

"Ina sonki," ya ce daga baya. "Amma ba zan sake zama gefen famfo ba."

*

Kwana biyu tana sayar da maganin barci ga mutane tana jin kamar ta haɗiye nata kason. Ta kan rufe ido ta ga Forte: inuwar itatuwa, kekuna a jere, yashi mai laushi da aka share tun asuba, kowa ya san sunanta. Taormina kuwa a hoto kawai ta san shi, matakalai da furanni da ruwa shuɗi can ƙasa, da dangi masu magana da ƙarfi waɗanda ba ta taɓa gani ba.

Forte ya fi sauƙi, wannan ba ta musu. Sai dai duk lokacin da ta hango kanta a rumfar, tana jin idon mutum a ƙeyarta daga sahun ƙarshe.

Ranar Alhamis da safe ta bar kanti a hannun ma'aikaciyarta ta tafi gidan mahaifiyarta. Ta same ta ta fito da fararen kayan bazara daga kabad tana shanyawa a baranda su sha iska.

"Mamma, Taormina za ni."

Sinyora Clelia ta ci gaba da karkaɗe riga.

"Riƙe mini hannun nan."

"Kin ji abin da na ce?"

"Ba kurma ba ce ni. Riƙe."

Ottavia ta riƙe. Suka naɗe rigar tare kamar yadda suka saba, sannan uwar ta shiga falo ta zauna, ta nuna mata kujera.

"Kina ganin ƙin jininsa nake yi? Ban san shi ba ma balle in ƙi shi. Abin da na sani, bana Agusta ne, baɗi Kirsimeti, gaba kuma uwarsa ba lafiya, sai a ce ku koma can gaba ɗaya. Mutanen nan ba sa auren mace, haɗiye ta suke yi da danginsu. Ni kuma in mutu a benen nan sai wari ya sanar da maƙwabta."

"Ba inda za ni, Mamma. A Parma za mu zauna, ya faɗa da bakinsa." Ta durƙusa gabanta ta kama hannunta. "Ki je Forte abinki. Ki gayyaci ƙawarki ku zauna tare. Ina gama bikin zan zo miki, na rantse, in yi sauran watan da ke. Shekara ɗaya ce tak nake roƙo."

"In je in zauna ni kaɗai a sahun gaba? Uwar Gherardo tana gefe tana leƙe, ana zuwa ana tambayata ina Ottavia, in ce ta bi likitan shanu kudu? Shekara arba'in ina zama a wurin nan da kaina a ɗage. Ba zan koma abin tausayi ba."

"To me kike so in yi? Ki gaya mini! In auri wanda ba na so don a cika kujera?"

"An yi auren da ya fi wannan muni, kuma an zauna lafiya."

"Ni ba zan iya ba."

"Kin gama magana?"

"Na gama."

Sinyora Clelia ta zare hannunta, ta jawo wayar da ke kan ɗan tebur, ta sa tabarau ta danna lambobin da ta haddace tun kafin a haifi Ottavia.

Ottavia ta tsaya kallo. Ta san mahaifiyarta da irin wannan. Ta sha ɗaga waya za ta kira lauya ta canza wasiyya, ta sha kiran likita wai zuciyarta ta tsaya. Kullum a ƙarshe ajiyewa take yi.

"Duilio? Clelia Bertinelli ce. Lafiya lau. Yaya gwiwar?" Ta saurara, har da 'yar dariya. "Game da rumfa. Bana ba ma zuwa. A'a, ba bana kaɗai ba. Ka ba na gaba a layi."

"Mamma!"

Uwar ta ɗaga mata hannu. Ana jin muryar tsohon daga cikin wayar yana magiya, yana ambaton sunan marigayi, yana cewa zai riƙe musu zuwa ƙarshen wata ko ta sake tunani.

"Kada ka riƙe ko na awa ɗaya. Katakon sunan kuma ka cire, ka sa a wuta in ka ga dama. Na gode da komai. A gaida iyali."

Ta ajiye wayar. Ta cire tabarau ta naɗe.

Ottavia ta zube a ƙasa tana kuka mai sauti.

"Me kika yi? Kira shi! Don Allah ki sake kiransa yanzu kafin ya ba wani. Rumfar Babbo ce fa, rumfar babana!"

"Ke kika zaɓa, ni waya kawai na buga."

"Ban ce ki saki ba!"

"Tashi ki goge fuskarki, kanti yana jiranki." Muryarta ba fushi a ciki, a sanyaye take, wannan ya fi komai ciwo. "Je ki, na sake ki. Ki ci gautansu, ki sha iskarsu. Amma ki riƙe abu ɗaya. Duk ranar da ya ɓata miki rai, ko da kofi ya bari bai wanke ba, safiyar nan za ki tuna, kuma sai kin goranta masa. Na san 'yar da na haifa."

"Har abada ba zan yi ba."

"To madalla."

Ta miƙe ta koma baranda, ta fara kwashe fararen kayan da ta shanya tana mayar da su kabad ɗaya bayan ɗaya.

*

A bakin ƙofar gidan Ottavia ta jingina da bango. Mutane suna wucewa da kekuna da ledojin burodi. Ta ciro waya ta kira Alfio.

Yana ɗauka ta ji kukan shanu a bayansa.

"Zan zo," ta ce. "Na gaya mata. Taormina."

Ya saki ihun da ya firgita garken duka.

"Da gaske? Ottavia, da gaske kike? Wayyo Allah na! Bari in kira Mama, yau unguwa ba mai sakat. Za ki ga wurin nan, na rantse ba za ki ƙara tuna wani Forte ba. Me ake da yashi da tsofaffi a jere kamar kifin shanya? Ki bar musu rumfarsu su ci da tumatir!"

Yana ta dariya. Shekara huɗu tana jiran ta ji wannan dariyar, yau ga ta a kunnenta, ta laluba zuciyarta ta nemi farin ciki ko ɗan kaɗan ba ta samu ba.

"Ottavia? Kina ji na? Me ya samu muryarki? Ai yau ranar murna ce."

"Murna?" ta ce. "Kai kam sai ka yi murna, ba abin da ka rasa. Ka san abin da na yi asara yau saboda kai?"

Maganar tana fita ta toshe bakinta da hannu.

Dariyar ta ɗauke. Ta jira ya ce wani abu, ko faɗa ne, ko tambaya. Ba abin da take ji sai numfashinsa, da wata saniya can nesa tana kuka.